DARASI: KOWANE WURI A SITO DA SUNANSA

Kaka ta yi, buhuna suna ta shigowa siton ƙungiya. To, in mai kula da sito ya kwanta ciwo yau, wa zai nuna mana inda irin shuka yake, da inda hatsin ci yake? In mutum ɗaya ne kaɗai ya sani, muna cikin hatsari.

Ga abin da ya faru a ƙasar Iraƙi. A shekarar 1971 aka raba wa manoma irin alkama wanda aka cuɗa da magani mai dafi. An rubuta gargaɗi a jikin buhunan, amma da Turanci da Sifaniyanci, harsunan da manoman ba su ji. Mutane da yawa suka niƙa irin, suka yi gurasa, suka ci. Fiye da mutum 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka mutu a can. Rubutun da mutane ba su iya karantawa ba zai cece su ba.

Ga yadda za mu yi:

1. A share sito, a raba ƙasa layi layi da fenti. Kowane layi a ba shi harafi: A, B, C.

2. A cikin layi, kowane gurbi a ba shi lamba: A1, A2, A3. A fara ƙidaya daga bakin ƙofa.

3. A rubuta sunan da manyan baƙaƙe a jikin bango, sama da inda buhuna za su kai. Sunan na wurin ne, ba na kaya ba. Yau masara ce a A2, gobe dawa, amma A2 tana nan.

4. A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa bango. Kowane tari a rataya masa kati da Hausa: irin kayan, yawan buhuna, da ranar shigowa. Wanda ya fara shiga, shi zai fara fita.

5. Saboda waɗanda ba su yi makaranta ba, a ƙara launi. Kore, abinci ne. Ja, kada a ci. Irin da aka sa wa magani, da takin zamani, da maganin ƙwari, a kai su wani ɗaki dabam mai kwaɗo.

6. Sunan da ke bango, shi za a rubuta a littafin sito. In an ɗaga kaya, a gyara littafi a ranar.

Tambayoyi domin taronku:

Mutum nawa ne a ƙungiyarku suka san inda kome yake?

A ina kuka ajiye ragowar irin bara?

Bayan kun gama, ku ba wani yaro takarda mai lamba B3, ku aike shi cikin sito. In ya je daidai ba tare da tambaya ba, aikinku ya yi kyau.