Sunan yanki iri biyu ne, kada ka haɗa su

Wani matashi da ke kula da kwamfutocin wata ƙaramar cibiyar koyon sana'a a Durumi, daf da Area 1, ya aiko min da tambaya. Ya rubuta manhaja da harshen C a kan Linux, ya kira getdomainname don ya san sunan yankin da injin yake, sai aka mayar masa da kalmar none, alhali cibiyar na da sunanta mai ƙarewa da .com.ng. Yana tsoron ko injin ne ya samu matsala.

Ƙanena, injinka lafiya lau yake, ƙofar da ka ƙwanƙwasa ce ba ita ba. Wannan kira ba ruwansa da sunan intanet na DNS, irin wanda hukumar NiRA ke kula da rajistarsa a ƙarƙashin .ng. Sunan da yake kawowa na NIS ne, tsohon tsarin kamfanin Sun Microsystems na raba bayanan masu shiga tsakanin injuna. In ba ku amfani da NIS, dama babu abin da zai nuna maka.

Sunan intanet kuwa, fara ɗauko sunan injin da gethostname, ka miƙa wa getaddrinfo tare da alamar AI_CANONNAME. Zai ba ka cikakken suna, abin da ya biyo bayan ɗigon farko shi ne yankin. Kafin ka taɓa manhajar ma, buga hostname -f. In gajeren suna ya fito, je ka gyara /etc/hosts, cikakken sunan ya riga gajeren a layin.

Saka sunan NIS ɗin da setdomainname kuwa sai da ikon root, in ba haka ba kuskuren EPERM za ka gani, kuma sunan kada ya wuce bayit 64. Abin da na fi jiye maka shi ne sunan ba ya zama. Da an ɗauke wuta, kafin a tada janareta injin ya mutu, to ya tashi babu shi. Rubuta shi a /etc/sysctl.conf a layin kernel.domainname, duk tashi zai ɗauka.

Ni dai ba na son manhaja ta riƙa canza wa inji suna da kanta, domin ranar da wani abu ya rikice ba wanda zai tuna ita ce. Bar ta ta karanta kawai. Don karanta sunan yankin intanet a injunanku na Windows kuma, GetComputerNameEx za ka kira da ComputerNameDnsDomain.