JAR AKUYA: YADDA ZA A KULA DA UWAR GARKE

Ya ku manoma da hakimai na Masama, da na ƙasar Gwandu da Kalgo, ku sani jar akuyar nan taku dukiya ce. Tun zamanin da, fatake suna ƙetare Sahara da fatarta, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, domin ta can take isa gare su. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai fatun suka koma bin hanyar Ikko. Amma fata mai kyau ba ta samuwa sai daga uwa mai kyau. Saboda haka ku lura da abubuwan nan.

1. Zaɓe. Ka ajiye akuya ja wur, marar tabo, mai faɗin baya da hantsa mai kyau, wadda uwarta ta saba haifar tagwaye. Idan bukata ta taso, sayar da taure, ka bar uwa.

2. Barbara. Kada ka bar bunsuru ya hau 'yar akuya sai ta kusa shekara guda. Wadda aka hau tana ƙarama ba ta girma, ɗanta kuwa rarrauna ne. Bunsuru ɗaya ja, lafiyayye, ya ishi awaki 25. Sauran a dandaƙe su. Bayan shekara biyu a sake bunsuru, don kada ya hau 'ya'yansa.

3. Ciki. Akuya tana ɗaukar ciki wata 5, watau kwana 150 ko kusa. A makonni 6 na ƙarshe ne ɗa yake girma ƙwarai. To, a nan za ka fito da harawar wake da ta gyaɗa da ka adana tun kaka, ka ƙara da dusa da 'yar kanwa, da ruwa mai tsabta kullum. Yunwar bazara takan sa ɓari.

4. Haihuwa. Ka share ɗaki busasshe. Lalle ɗa ya sha dakashi a ranar da aka haife shi, gama shi ne garkuwarsa daga cuta. A yaye shi yana wata 3. Akuyar da aka kula da ita haka tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2.

5. Cuta. Wadda ka sayo a kasuwa, ka ɗaure ta dabam mako 3 tukuna. Idan ka ga zawo da majina, ko ƙazuwa mai ɓata fata, ka ware ta, ka gaya wa malamin dabbobi nan da nan. Akwai allurar rigakafin annobar awaki, kada ka ƙi ta.

Ya kai hakimi, bunsurun banza guda ɗaya sake a gari ya isa ya ɓata irin gari duka. Ka tara mutanenka, da matan gida masu awaki, a karanta musu wannan takarda. Allah ya sa albarka cikin kiwo, amin.