Sunan da Aka Raɗa Maka

'Ya'yana, da yawanku kuna amsa sunayen da suka girmi garuruwanmu da dubban shekaru: Isma'ila, Isiyaku, Yakubu, Zakari, Iliya, Bilyaminu. Mun san sunayen annabawa ne da iyalansu, muna neman albarka da su. Amma a bakin Ibraniyawa kowane ɗaya magana ce mai ma'ana, wadda mai ji ke ganewa nan take, kamar yadda Bahaushe in ya ji Tanko ya san yayyensa mata ne.

Ku kasa kunne ga ƙarshen sunan. Inda kuka ji "il" ko "el", Allah ake nufi. Isma'il shi ne "Allah yana ji". Littafin Farawa, na farko a Attaura, ya ba da labarin yadda Hajara ta gudu jeji da juna biyu, mala'ika ya same ta a bakin wata maɓuɓɓuga, ya gaya mata sunan da za ta sa wa yaron, domin Allah ya ji kukanta. Mika'ilu kuwa tambaya ce: wa ya yi kama da Allah? Inda kuka ji "ya" a ƙarshe, guntun sunan Ubangiji ne a harshensu, sunan da har gobe Yahudawa ba sa furta shi a cike saboda girmamawa. Zakariya, Ubangiji ya tuna. Iliya, Ubangiji ne Allahna, kuma a kan wannan magana ya ƙare rayuwarsa yana fama da masu bautar Ba'al. Ishaku ko Isiyaku dariya ce, ta tsohuwar da aka yi wa bushara da ɗa. Farawa ta ce Saratu na da shekara 90, Ibrahim 100.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Lai'atu, uwargidan Yakubu. Maigidan ya fi son ƙanwarta Rahila, ita ma ta sani. Da Lai'atu ta haifi ɗan fari ta sa masa Ra'ubainu, wato "ga ɗa", tana fatan yanzu miji zai so ta. Na biyu Saminu, daga kalmar ji, domin Allah ya ji ba a sonta. Na uku Lawi, daga manne wa juna, ko mijin zai shaƙu da ita tunda ta ba shi maza uku. Ku duba, haihuwa uku, duk idonta yana kan ƙofar mutum. Da na huɗu ya zo ba ta ambaci miji ba ko kaɗan, ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba, ta sa masa Yahuza, yabo. Daga tsatson wannan yaro Dauda da Sulaiman suka fito, daga sunansa kuma aka sami kalmar Yahudawa. 'Yan matana, musamman waɗanda zaman gida ya yi wa ɗaci, ku riƙe wannan baiwar Allah a zuciya. Ba a ce kishin ya ƙare a ranar ba, amma ta gane inda ya kamata ta kai kukanta da godiyarta.

Rahila ita ma ta sha nata. A hanyar Baitalami naƙuda ta yi mata tsanani, tana kan gargara ta kira jaririn Ben-oni, ɗan baƙin cikina. Wa zai ga laifinta? Amma Yakubu, duk da yana binne matar da ya fi so, bai yarda yaron ya tashi da wannan kaya a ka ba. Ya canja shi zuwa Bilyaminu, ɗan hannun dama. A ganina wannan shi ne aikin uba. Yaro bai san abin da ya faru ranar haihuwarsa ba, kuma shi zai amsa sunan a makaranta, a kasuwa, a wurin ɗaurin aurensa, har ranar da za a yi masa addu'a bayan ransa.

Shi ya sa nake jin nauyi in na ga an tsinto suna daga fim don daɗinsa a kunne kawai, ba wanda ya tambayi me yake nufi. Ba na hana ku suna mai daɗi. Amma kwana bakwai aka ba ku kafin a yanka rago, sun isa ku tambayi malami, ku shawarci manya, ku yi tunanin addu'ar da kuke so a riƙa maimaita wa yaron kullum.

Wanda kuma iyayensa ke raye, ya je ya durƙusa ya tambaye su dalilin da ya sa suka zaɓa masa nasa, tun suna nan.