Ido Na Aika Saƙo, Ƙwaƙwalwa Na Cike Giɓi: Yadda Hawan Jinin Ido Ke Shammatar Mutum

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 62 ne, kuma direba ne tun yana saurayi. A 'yan watannin nan sau biyu yana gogar masu babur a gefen titi, a gida kuma yakan yi tuntuɓe da kujera ko butar alwala. Da ƙyar muka shawo kansa ya je asibiti, aka ce hawan jinin ido ne, har ya ci kusan rabin ganinsa. Shi kuwa ya rantse yana gani garau, don da tabaraunsa yana karatun Alƙur'ani lafiya lau. Ta yaya mutum zai rasa rabin ganinsa bai sani ba? Ko likitocin ne suka yi kuskure?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika bayyana ya yi daidai da yadda wannan ciwo yake tafiya, don haka ban ga alamar kuskure ba. Shi ma Baba gaskiyarsa ya faɗa. Abin da ya haɗa maganganun biyu shi ne, gani ba a ido yake ƙarewa ba.

Aikin ido shi ne karɓar haske. Hasken ya ratsa ƙwayar ido ya faɗa kan wani siririn tantani da ke can ciki, kuma hoton da ke sauka a kansa a kife yake, sama a ƙasa. Daga nan jijiyar gani, wadda ke ɗauke da zarurruka sama da miliyan 1, ta kwashi saƙon zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. A can ne ake tsara shi, a haɗa na idon dama da na hagu, a gwama da abin da mutum ya saba gani, sannan ki ce kin ga fuskar ɗanki. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ibnul Haisam, malamin nan haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje, kuma hankali ne ke yanke hukuncin mene ne aka gani.

Ki gwada wannan da kanki. Ki sami farar takarda, ki yi alamar kuros a hagu, ki ɗiga baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Ki rufe idon hagu, ki kafa na dama a kan kuros ɗin, sannan ki riƙa matso da takardar a hankali. Za ki zo wani wuri da ɗigon zai ɓace ɓat. Ki lura da kyau, ba baƙin rami za ki gani a gurbinsa ba, farar takarda za ki gani sumul. In ma kin ja layi ya ratsa ta kan ɗigon, layin zai fito cikakke ba yankewa. Dalili kuwa, a daidai inda jijiyar gani ke fita daga ido babu ƙwayoyin da ke karɓar haske. Kowane ɗan Adam yana da wannan makahon wuri a kowane ido; wani masani ɗan Faransa mai suna Mariotte ne ya bayyana shi a ƙarni na 17. Ƙwaƙwalwa ce ke duba abin da ke kewaye da wurin ta toshe giɓin da irinsa.

Wannan baiwa ce daga Allah, amma a hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, ita ce ke ɓoye ɓarnar. Sunan ma yana ɗan rikitarwa, domin ba jini ne ke hawa ba. Wani ruwa ne da ido ke samarwa a cikinsa yake kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya riƙa kashe zarurrukan jijiyar gani ɗaya bayan ɗaya. Yakan fara da ganin gefe, ya bar na tsakiya sai ƙarshe, kuma a mafi yawan lokuta ba zafi ba ja. Duk inda ya cinye, ɗaya idon ya rufa masa asiri, ƙwaƙwalwa kuma ta shimfiɗa titi, ko bango, ko tsakar gida a gurbin. Sai dai ita abin da ta zata take cikewa da shi. Mai babur da ya ɓullo daga gefe ba ya cikin zatonta, haka ma butar da jika ya ajiye a hanya. Shi ya sa Baba ke ganin titi fes, alhali akwai mutum a kai.

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kimanin mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da wannan ciwo, kuma fiye da 9 cikin 10 daga cikinsu ba su san suna da shi ba. Shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Ita yana, a yi aiki a cire ta gani ya dawo. Abin da gilakoma ta ci kuwa ya tafi ke nan.

Don haka abin da ke gabanku shi ne ceto ragowar. In an rubuta masa maganin ɗigawa, to na kullum ne, har iyakar rayuwa, sai in likita ya canja ko ya ce a yi aiki. Ba zai ji ganinsa ya ƙaru ba, kuma a nan ne da yawa ke karaya su daina, su koma wajen masu tallar maganin ido a kasuwa. Don Allah kada ku bari a kai nan. Wani a gida ya ɗauki nauyin ɗiga masa a kan lokaci, bayan an ɗiga ya rufe ido ya danne kusurwar da ke kusa da hanci na minti 1 ko 2. In yana da asma ko ciwon zuciya a sanar da likita, domin akwai maganin da bai dace da su ba. Da azumi kuma a nemi likita ya tsara lokutan su faɗo da sahur da bayan buɗa-baki. Ku guji sayen maganin ɗigawa a kemis ba takardar likita, wasu daga cikinsu ƙara matsin idon suke yi.

Maganar tuƙi ita ce mai nauyi, na sani, don sana'arsa ce kuma mutuncinsa. Amma ya ajiye mota har likita ya auna faɗin ganinsa ya yanke hukunci. Kada ku yi masa gardama da baki. Ku roƙi likitan ya nuna masa takardar gwajin, inda wuraren da suka mutu ke fitowa baƙi ƙirin, ku kuma sa shi ya yi gwajin kuros da ɗigon nan da hannunsa. Dattijo ya fi yarda da abin da ya gani da kansa.

In kuma wata rana ya ce yana ganin mutane ko zane-zane da babu su, kada ku yi saurin cewa aljanu ne ko taɓin hankali. Ƙwaƙwalwar da saƙon ido ya yi wa ƙaranci takan ƙirƙiro nata hotunan. Charles Bonnet na Janeba ya rubuta haka game da kakansa tun 1760. A faɗa wa likita kawai.

Saura ku 'ya'yansa da ƙannensa. Ciwon yana bin jini, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Ku je a auna muku matsin ido, a leƙa jijiyar, a gwada faɗin gani, domin awon matsi kaɗai bai isa ba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitocin ido a Kano, da sashen ido a asibitocin koyarwa. 'Yar'uwa, ranar da za ki mai da Baba ganin likita, ki sa a duba naki idon, ki kuma tafi da 'yan'uwanki.