Mutumin da Ya Yi Wa'azi da Waƙa

Ya mai karatu, wataƙila a gidanka akwai yaro ko yarinya mai murya, wanda in ya ɗaga waƙa a gona ko a bakin rijiya sai mutane su dakata su ji. Wataƙila kuma abin yana damunka. A ƙasarmu mun saba ganin waƙa sana'ar maroƙa ce: a wasa mai dukiya, a yi masa kirari, shi kuwa ya sa hannu aljihu. Wani uba ya taɓa ce mini bayan sujada, "Malam, ni ban haifi maroƙi ba," ya kuwa hana ɗansa shiga ƙungiyar mawaƙa. Domin shi da irinsa na rubuta wannan darasi. Kafin ka ci gaba, ka buɗe Luka 15:3-7 ka karanta wa iyalinka, gama labarinmu zai kai mu can.

An haifi Ira Sankey a jihar Fensilbeniya ta ƙasar Amurka a shekara ta 1840. Yana da shekara 16 ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Tun yana saurayi yake bi da waƙa a ikilisiyarsu, har matar da ya aura a 1863 tana cikin mawaƙansa. Amma ba da waƙa yake ci ba. Ma'aikacin gwamnati ne a ofishin haraji, yana da albashinsa da zamansa lafiya.

A 1870 ya je wani babban taron samari masu bi a birnin Indiyanafolis. Wata safiya a wurin addu'a waƙa ta ƙi tashi, kowa yana ja ta nasa gefe, kamar yadda takan faru a majami'unmu lokacin damina in mutane sun gaji. Wani abokinsa ya zungure shi ya ce ya ɗaga. Ya miƙe ya ɗaga, jama'a duka suka kama. Mai bi da taron shi ne Moody, mai wa'azin bishara daga birnin Shikago, wanda shi kansa bai iya waƙa ba ko kaɗan. Da aka tashi Moody ya kama hannunsa, ya tambaye shi aikinsa, ya gaya masa sai ya bar aikin nan, gama shekara da shekaru yana neman mutum irinsa. Sankey bai yi garaje ba. Yana da mata da 'ya'ya. Ya yi watanni yana addu'a da tunani, sai a 1871 ya ajiye aikin gwamnati ya tafi Shikago.

A cikin shekaran nan, ran 8 ga Oktoba da dare, yana tsaye yana waƙa a taro aka fara jin ƙararrawar gobara. Wutar ta cinye babban yanki na birnin, har da majami'ar Moody. Sankey ya tsira ne cikin ɗan jirgin ruwa a kan tafki. Ka duba, mutum ya bar albashi saboda aikin Ubangiji, bai cika shekara ba wurin aikin ya zama toka. Da ni ne, ina tsammani da na ce Allah bai yarda da tafiyar ba. Shi bai karanta abin haka ba.

A 1873 su biyu suka haye teku zuwa Ingila, daga can suka wuce Sikotilan. A nan ne ya gamu da mutane masu tunani irin na uban nan da na ambata. Ikilisiyoyi da yawa a Sikotilan Zabura kaɗai suke rairawa, ba su yarda da abin kiɗa a majami'a ba. Ga shi kuwa baƙo ya zo da wani ɗan akwatin kiɗa da ake kira ogan, wanda ake takawa da ƙafa ana dannawa da yatsu, yana kuma waƙa shi kaɗai gaban jama'a. Waɗansu suka ce wannan nuna kai ne. Abin da ya sauko da su shi ne yadda yake yin waƙar. Yakan zauna bayan akwatinsa, ba ya barin kiɗa ya danne magana. Yakan fitar da kowace kalma sarai, ya dakata inda ma'ana take so a dakata, domin na can baya ya ji abin da aka faɗa. Mutane suka gane ashe wa'azi ne yake yi, da murya mai daɗi. Ka karanta 1 Korantiyawa 14:15, inda Bulus ya haɗa waƙa da fahimta. Ina roƙon mawaƙanmu su lura, gama yanzu wani lokaci ganga da lasifika sukan haɗiye kalmomi, tsohuwa ta koma gida ba ta kama ko ɗaya ba.

Ga inda Luka 15 ya shigo. A 1874 suna cikin jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa Edinbara, Sankey ya sayi jarida. A wani lungunta ya ga baitoci a kan tumaki 99 da ɗayar da ta ɓata. Wata mace ce ta rubuta su, sunanta Elizabeth Clephane, ta rasu tun 1869. Ya karanta wa Moody, amma hankalin Moody yana kan wasiƙu. Ya yanke takardar ya adana. A taron Edinbara aka yi magana a kan Makiyayi Mai Kyau. Da aka gama, Moody ya juyo ya tambaye shi ko yana da waƙar da ta dace. Ba shi da ita. Baitocin nan kaɗai ne a hannunsa, ba su kuwa da karin murya. Ya ɗora takardar a kan ogan, ya roƙi Allah taimako a zuciyarsa, ya fara. Muryar ta zo masa yana cikin yi. Tsoronsa shi ne ko zai iya maimaita ta a baiti na biyu. Ya iya, har ƙarshe, kuma da muryan nan ake raira waƙar har yau. Kai da ka taɓa bin sawun tunkiya a daji da almuru, ka san abin da ya taɓa zuciyar mutanen nan.

To, batun kuɗi fa? Mutane suka yi ta neman waƙoƙinsa, sai aka buga ɗan littafi a 1873. Littafin ya yi ta girma har ya kai waƙoƙi 1,200, aka sayar da shi a ƙasashe da yawa. Waɗansu waƙoƙin da muke rairawa da Hausa ran Lahadi suna cikinsa da Turanci. Magabta suka fara cewa Moody da Sankey ciniki suka zo yi. Sai suka sa ribar littafin a hannun waɗansu amintattu, aka yi aikin ginin majami'ar Shikago da ita, daga baya kuma aka taimaki makarantun da Moody ya kafa. Ba na cewa Sankey ya mutu matalauci ba. Daga baya ya shugabanci wani kamfanin buga littattafan waƙa. Amma ba wanda ya ba shi kuɗi domin a ambaci sunansa cikin waƙa. Wurin nan ne ya rabu da maroƙi.

Saboda haka, uba, kada ka tambayi ko ɗanka yana waƙa. Ka tambaya wa yake yabo, kuma ko ana jin maganar. Sarki Dawuda da kansa ya keɓe mawaƙa 288 domin Haikali (1 Tarihi 25:7). Mu dattawan ikilisiya kuma muna da namu laifi. A Nehemiya 13:10 mawaƙa sun koma gonakinsu domin ba a ba su rabonsu ba. In yaro ya bar noma ya tafi wani ƙauye da ƙungiyar mawaƙa, ya kamata ikilisiya ta san abin da zai ci da yadda zai koma gida.

Moody ya rasu a 1899. Sankey ya rubuta labarin waƙoƙin da ya yi aiki da su, sai gobara ta sāke samunsa, ta cinye takardun. A 1903 ciwon ido ya makantar da shi. Yana makaho ya riƙa faɗar abin da ya tuna ana rubutawa, littafin ya fito a 1906. Ya rasu a birnin Niyok ran 13 ga Agusta 1908, yana da shekara 67. An ɗauki muryarsa a faifai kafin ya makance, waƙar tumakin nan tana ciki, mai wayar hannu da intanet yana iya nemanta ya ji.