Yadda Ake Tayar da Tsohon Gini Bayan Girgizar Ƙasa

Ranar Asabar 25 ga Afrilu, 2015, gab da tsakar rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa Nepal. Mutane kusan 9,000 suka rasu, gidaje sama da rabin miliyan suka rushe. A tsakiyar Katmandu, Kastamandap, tsohon zauren katako mai hawa uku wanda daga gare shi birnin ya samo sunansa, ya rufta kan mutanen da suka taru ba da gudummawar jini. Sai a 2022 aka sake buɗe shi. Shekara bakwai ta yi yawa, amma wanda ya bi aikin daki-daki zai ga cewa irin wannan gini yana da tsarin da ake bi, kuma duk matakin da aka tsallake don sauri sai an dawo an biya shi ninki biyu.

Bayan an ciro masu rai an kwashe gawarwaki, abin farko shi ne tsare ɓaraguzai. Direban katafila tarin shara yake gani, alhali a cikin tarin ne ginin yake kwance. A Patan, maƙwabciyar Katmandu, mutanen unguwa da jami'an tsaro suka riƙa tsinto sassaƙaƙƙun tagogi da ginshiƙai da tokaran rufi, suka kai su farfajiyar tsohuwar fada. Can aka ware su, aka sa wa kowanne lamba, aka gwada da tsofaffin hotuna don a san mazauninsa. Katakon da ya faɗa hannun ɓarayin kayan tarihi, ko aka hura wuta da shi, ya tafi ke nan.

Daga nan sai a tambayi dalilin faɗuwar, kuma nan ne aka fi yin garaje. Amsar da ke bakin kowa ita ce gini ya tsufa, laka ba ta da ƙarfi. Masu binciken tarihi daga Jami'ar Durham ta Ingila, tare da hukumar kayan tarihi ta Nepal, suka tona ƙarƙashin Kastamandap, suka tarar da harsashin bulo da laka tun na ƙarni na 7, yana nan daram duk da girgizar da ta sha ratsa kwarin Katmandu, har da babbar ta 1934. A sama matsalar take. Manyan ginshiƙai huɗu ne ke ɗauke da zauren, kowanne da ɗan harshe a gindinsa da ke shiga ramin wani dutse ya kulle. A wani gyara da aka yi a baya, an shimfiɗa daɓe a kan ɗaya daga cikin duwatsun, aka bar ginshiƙin tsaye bisa daɓen babu abin da ya riƙe shi. Da ba a tona ba, da an ɗora wa magina na farko laifin masu gyara.

Mataki na uku shi ne wa za a danƙa wa aikin. Dokar ba da kwangila ta fifita wanda ya yi tayi mafi arha, kuma mai arha siminti ya sani. Tafkin Rani Pokhari, wanda Sarki Pratap Malla ya haƙa a 1670, ya nuna inda hanyar ke kaiwa: aka fara zagaye shi da kankare, jama'a suka yi ca, aka tsayar da aiki, aka fasa abin da aka zuba, sannan aka daɓe gindinsa da baƙar laka mai riƙe ruwa kamar yadda yake tun asali. Sai 2020 aka gama. A Kastamandap mutanen gari sun ƙi kwangila tun farko, har aka kafa kwamiti mai wakilan jama'a, aiki ya soma a 2018. Masassaƙa 'yan gado suka yi amfani da icen sal mai tauri, suka haɗa shi da turakun katako, suka mayar da tsofaffin guntayen da ke da sauran ƙwari, suka ɗora bulo da laka.

Akwai masu cewa siminti da rodi sun fi tsare rai, kuma maganarsu ba ta banza ba ce ga wanda ya ga gini ya danne ɗan'uwansa. Sai dai katakon da aka haɗa da turaku yana rangaji ya dawo, yayin da kankaren da aka liƙa wa tsohon bango yake ƙara masa nauyi, ya kuma kulle danshi har icen ciki ya ruɓe. Duk maginin da ya ga katangar ƙasa da aka yaɓe da siminti tana zubewa ta ciki ya san wannan. Abin da za a yarda da shi shi ne laka da katako ba sa yafe sakaci, kullum suna neman mai duba su.

Wasu kuma suna ganin rashin tausayi ne a gyara wurin ibada mutane na kwana a tanti. Gaskiya tallafin gwamnati na rupi 300,000 ga kowane gida ya yi jinkiri ƙwarai. Amma hasumiyar Boudhanath da gudummawar masu ibada aka gyara ta, aka gama a 2016, ba ta jira baitulmali ba. Kuma a dandali da rumfunan tsohon gari mutane suka fake ranar girgizar, daga tsofaffin mazuraran dutse suka ɗebi ruwa da famfo ya ɗauke.

Matakin ƙarshe shi ne mayar da ginin hannun masu kula da shi. A wurin 'yan ƙabilar Newar na Katmandu wannan aikin guti ne, ƙungiyoyin gado masu filaye irin na waƙafi, waɗanda ke ɗaukar nauyin bukukuwa da gyaran rufi. A 2019 gwamnati ta kawo ƙudurin da zai sa su ƙarƙashin wata hukuma. Dubban mutane suka cika titunan Katmandu a watan Yuni, aka janye ƙudurin.