Kuɗin Baƙo Da Lafiyar Ɗan Ƙauye: Abin Da Na Koya Daga Ruwanda

A zangon karatun da ya wuce, ƙungiyar muhawara ta makarantarmu ta ba mu wani batu, wai "Yawon buɗe ido yana amfanin talakan ƙauye." Da aka yi ƙuri'a sai ta jefa ni cikin masu goyon baya. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, domin a zuciyata ban yarda da maganar ba. Ni ɗan ƙauye ne. Ina ƙarami na taɓa ganin wasu baƙi sun tsaya da mota a garinmu ran kasuwa, suka ɗauki hoton masaƙa da 'yan tallan fura, suka raba mana alewa, suka wuce. A damanar wannan shekara ƙanwata ta kwanta zazzaɓi, sai da mahaifinmu ya sayar da akuya kafin aka kai ta ɗakin shan magani a kan keke. To, ina amfanin alewa ga wanda ya sayar da akuya?

Na kai kukana wurin malaminmu na labarin ƙasa. Ya yi dariya, ya ce, "Kai dai je ka karanta labarin Ruwanda, sa'an nan ka dawo mu yi magana." Abin da na samo ke nan nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Ruwanda 'yar ƙaramar ƙasa ce mai tuddai a tsakiyar Afirka. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 26,000 da 'yan kai ba, amma ƙidayar 2022 ta sami mutum fiye da miliyan 13 a cikinta. A arewa maso yammacinta, inda ta yi iyaka da Yuganda da Kwango, akwai jerin duwatsu masu aman wuta da ake kira Birunga. Mafi tsawonsu, Karisimbi, ya kai mita 4,507. Wani kuma ana ce masa Sabyinyo, saboda kansa ya yi gibi-gibi kamar haƙoran tsoho. A dazuzzukan waɗannan duwatsu goggon birin dutse yake zaune, dabbar da ba a samunta ko'ina a duniya sai nan da dajin Bwindi na Yuganda.

Turawan Beljiyam ne suka killace wurin ya zama gandun daji a 1925. Amma killacewa ba ta hana yunwa ba. Mutanen da ke gindin duwatsun manoma ne, dankalin Turawa da wake suke shukawa, gonakinsu kuwa 'yan mitsi-mitsi ne don yawan jama'a. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka yanke wani babban yanki na gandun aka mai da shi gonakin wata fulawa da ake yin maganin ƙwari da ita. Talaka yana shiga abin da ya rage don ya sari gora, ya ɗebo ruwa, ya ɗana wa gada tarko, tarkon kuwa sau da yawa hannun ɗan goggon biri yake kamawa. Bauna kuma ta fito da dare ta tattake masa gona. Watau dai tsakanin manomi da gandu babu komai sai gaba. Wata Ba'amurkiya mai suna Dian Fossey ta kafa sansanin bincike na Karisoke a 1967, ta zauna tana yaƙi da maharba har aka kashe ta a watan Disamba na 1985. A farkon shekarun 1980, goggon birin da ya rage a duwatsun Birunga duka bai wuce 250 ba, ko kusa da haka.

A 1979 aka soma wata dabara, aka ce bari a sabar da wasu garkunan birin da ganin mutane, domin baƙi su zo su biya su gani. Abin ya fara kankama ke nan sai yaƙi ya ɓarke a 1990, sa'an nan kisan kiyashin 1994 ya biyo baya, inda aka hallaka mutane wajen 800,000 cikin kwana 100. Sai a 1999 aka koma karɓar baƙi. Ka'idar ziyarar mai tsanani ce: mutum 8 kaɗai ke zuwa wurin garke ɗaya a rana, kuma awa ɗaya tak za su yi. A 2017 hukuma ta ninka kuɗin takardar izni, daga dala 750 zuwa dala 1,500 ga baƙon waje. Mai karatu, ka ji fa, dala 1,500 don kallon biri na awa ɗaya! Da na gaya wa kakata haka sai ta ce lalle duniya da faɗi take.

To, ga kuɗi sun zo. Tambayar da ta dame ni ita ce, ta wace hanya suke bi su isa wurin yaron da uwarsa ke noman dankali a bakin gandu? Na sami hanya biyu.

Ta farko hanyar hukuma ce. Tun 2005 gwamnati ta yi ƙa'ida cewa za a riƙa ware kashi 5 cikin 100 na abin da gandayen daji suka samu a mayar wa garuruwan da ke kewaye da su, kuma a 2017 aka ɗaga shi zuwa kashi 10. Ba a hannu ake rabawa ba. Aikace-aikace ake yi da su, kamar azuzuwan makaranta, da ɗakunan shan magani, da tankunan tara ruwan sama. Kada a raina tankin nan. Ƙasar wurin toka ce da tsakuwar aman wuta, ruwa ba ya tsayawa a kanta, saboda haka ko da yake ana ruwan sama da yawa, da rani sai yara su shiga daji neman ruwa. Yaron da ya wuni a hanyar ɗiban ruwa ba ya aji, wanda ya sha gurɓataccen ruwa kuma yana tare da gudawa.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ɗaukar hankalina, don ita ce ta shafi kasuwanci sosai. A 2004 mutanen yankunan Kinigi da Nyange, waɗanda ke manne da gandun, suka sami ƙungiya tasu mai suna SACOLA. Da taimakon ƙungiyar African Wildlife Foundation da abokan aikinta, aka gina wani masaukin baƙi na alfarma a gindin dutsen Sabyinyo, aka sa masa suna Sabyinyo Silverback Lodge. 'Yan gidaje ne na dutse, ba su da yawa, amma kwana ɗaya a cikinsu tsada gare shi ƙwarai. Abin lura a nan shi ne mallaka. Masaukin ba na Bature ba ne, ba kuma na gwamnati ba ne, na ƙungiyar mutanen ƙauye ne. Su manoma ne, ba su san yadda ake tallar masauki a Ingila ko Amurka ba, don haka suka ba wani kamfanin Kenya mai suna Governors' Camp haya, shi ya nemo baƙi, ya ciyar da su, ya kula da su. Yarjejeniya aka rubuta: duk daren da baƙo ya kwana akwai abin da zai shiga asusun ƙungiya, ban da wani kaso na cinikin da aka yi.

Ku duba bambancin wannan da alewar da aka raba mana ran kasuwa. Mai ba da sadaka in ya ga dama ya bayar, in bai ga dama ba ya wuce, kai kuwa naka godiya. Amma ɗan haya dole ya biya mai gida, ko yana sonsa ko ba ya sonsa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, su kuwa waɗannan mutane nasu zanen suka saƙa.

Da kuɗin nan ƙungiyar ta gina azuzuwa, ta biya wa yaran marasa hali kuɗin makaranta, ta gina gidaje ga waɗanda suka tsira daga kisan 1994 da sauran marasa galihu, ta raba shanu ga iyalai don yara su sami madara, ta kuma biya wa matalauta kuɗin inshorar lafiya. Wannan na ƙarshe yana bukatar bayani, don shi ne ya tuna mini da akuyar mahaifina. A Ruwanda akwai wani tsari mai kama da adashi, inda ake biya wa kowane mutum na gida wani abu kaɗan a shekara, in ciwo ya zo a je asibiti a biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bisa ƙa'idar da aka sa a 2011, mai matsakaicin hali yana biyan faran 3,000 na kuɗinsu, wajen dala 5 ke nan a lokacin. Ga mai gida da ke da baki bakwai ko takwas, tara wannan kuɗi gaba ɗaya ba wasa ba ne. Na ɗauki alli na yi lissafi don kaina: dala 1,500 a raba ta biyar-biyar, 300 ke nan. Watau abin da baƙo ɗaya ke biya don awa ɗaya ya yi daidai da kuɗin inshorar mutum 300 na shekara guda. Lissafin allo ne kawai, ba wai haka ake kashe kuɗin ba, amma ya nuna mini nisan da ke tsakanin aljihun baƙo da na mai masaukinsa.

Wani zai ce, me ya sa 'yan kasuwa da masu kiwon daji suka damu da lafiyar ɗan ƙauye? Tausayi ne? Mai yiwuwa akwai tausayi, amma akwai abin da ya fi shi ƙarfi. Jikin goggon biri kusa yake da na ɗan Adam, cutar da ke kama mu tana kama shi. A 2009 wata cutar numfashi irin ta mutane ta shiga wani garke a Ruwanda, uwa ɗaya da jariri ɗaya suka mutu. Shi ya sa ake hana mai mura shiga, ake kuma hana baƙi matsawa kusa. Masu gadi da 'yan dakon da ke raka baƙi kuwa a ƙauyukan nan suke kwana, tare da 'ya'yansu. In tari ya game ƙauye, ba da daɗewa ba zai hau dutse, in birin ya mutu kuma kasuwa ta mutu. Haka nan yaron da ya yi karatu ya sami abin yi ba zai tafi ɗana tarko ba. Wasu daga cikin 'yan dakon ma tsofaffin maharba ne. Ni wannan ya fi kwantar mini da hankali bisa ga a ce alheri ne zalla, domin abin da riba ta ɗaure ya fi wuyar kwancewa.

Ta wajen birin dai an ga sakamako. Ƙidayar da aka yi a 2015 zuwa 2016 ta sami 604 a duwatsun Birunga, kuma da aka haɗa da na Bwindi, a 2019 aka bayyana cewa jimlarsu ta kai 1,063.

Ta wajen yara kuwa, dole in faɗi gaskiya ko da za ta rage mini maki. A binciken lafiya na 2005, cikin yara 1,000 da aka haifa a Ruwanda 152 suna mutuwa kafin su cika shekara 5. A binciken 2019 zuwa 2020 adadin ya sauko zuwa 45. Na so ƙwarai in ɗauki wannan in ce aikin yawon buɗe ido ne, amma malam ya hana ni. Ya ce wannan na ƙasa ne baki ɗaya, kuma allurar rigakafi, da gidan sauro, da ma'aikatan lafiya na ƙauye-ƙauye, da inshora su ne suka yi babban aikin. Masauki ɗaya ba zai iya ɗaukar dubban iyalai ba. Binciken nan na baya ya kuma nuna cewa yara 33 cikin 100 a ƙasar sun tsumbure don rashin abinci mai gina jiki, kuma a lardin Arewa, inda Kinigi take, abin ya ma fi haka. Ga baƙo yana kashe dubban daloli, ga yaro a bayan katanga bai kai tsawon shekarunsa ba. Katangar ma ta gaske ce, ta duwatsu, ta fi kilomita 70, an jera ta a bakin gandun don tare bauna. Akwai kuma Batwa, mutanen da tun kaka da kakanni a daji suke farauta. Killace gandu ya raba su da dajin, kuma su ne suka fi kowa talauci a yankin.

Ran muhawara na jera hujjojina, na ga alƙalai suna gyaɗa kai. Sai wata 'yar aji huɗu daga ɗaya ɓangaren ta miƙe ta ce, "Ɗan'uwa, in baƙon bai zo ba fa?" Ashe ita ma ta yi nata karatun. Ta tuna wa jama'a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe gandayen Ruwanda a watan Maris, ba a sake buɗewa ba sai Yuni, jiragen sama kuma suka tsaya. Abin da ƙasar ta samu daga baƙi ya kusa dala miliyan 500 a 2019, amma a 2020 bai kai sulusin haka ba. Ta ce kashi 10 na babu, babu ne, gadon da ba a kwana a kansa ba kuma ba ya biyan kuɗin dare.

Na amsa mata cewa azuzuwan da aka riga aka gina ba su rushe ba, tankunan ruwa ba su tsage ba, ginin masaukin kuma yana nan da sunan masu shi har baƙi suka dawo. Ta ce ta yarda, amma kuɗin inshora da na makaranta kowace shekara ake biya, ciwo kuma ba ya jiran jirgi ya sauka. A nan na yi shiru na ɗan lokaci, har aka kaɗa mini ƙararrawa.

Alƙalai sun ba ɓangarenmu nasara da maki biyu kacal. Da na je gida hutu na kwashe labarin duka na gaya wa mahaifina, yana zaune yana gyaran igiyar guga. Bai ce komai a kan birin ba, bai ce komai a kan dala 1,500 ba. Da na zo kan maganar yarjejeniya sai ya ajiye igiyar, ya ce in sake maimaita masa wajen nan da na ce an rubuta ta a takarda.